Abin da Rakiya Ta Gani a Maɗigar Ɗanta

Ni ba ma'abociyar rubutu ba ce. Man gyaɗa nake yi da ƙuli-ƙuli a cikin garin Daura, can wajen Kusugu. Sunana Talatu, kuma duk wanda ya zauna da ni ya san ba na iya haɗiye magana. Na rubuta wannan ne saboda masu goyon fari, da kuma kakannin da ke karɓar jikoki su riƙe. Jinyar ɗan ƙanwata zan ba da labari, yadda na gan ta da idona, wanda ban gani ba kuma yadda uwarsa ta gaya mini daga baya.

Rakiya ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, a hannuna ta girma bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tana aure a wani ƙauye gaba da Dutsi, a gidan Hamisu mai kai shanu kudu. Da ta haihu namiji, aka sa masa sunan mahaifin Hamisu da ya rasu, don haka ba mai kama sunan a gidan, sai dai a ce Abba. Uwar Hamisu, Inna Kulu, ita ta karɓe yaron tun ranar da Rakiya ta koma daga wankan jego. "Maigidana ya dawo," haka take cewa tana juyi da shi a tsakar gida. A ɗakinta yake yini, a bayanta yake barci. Rakiya sai in za a ba shi nono ake miƙo mata shi.

Ba wanda ya ga aibu a nan, har da ni. Haka muka taso muka tarar: ɗan fari ba a nuna an damu da shi. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, in ya yi kuka ba ta zabura. A cikin gari abin ya fara sassautawa, amma dangin Hamisu asalinsu masu shanu ne, a wurinsu kunya ita ce mutuncin mace. Rakiya kuwa dama can mai nauyin baki ce. Har gida ake zuwa ana gaya mini ƙanwata ta iya kunya, ni kuma ina ta washe baki ina jin daɗi.

Abin ya faru ne a shekarun farko na kawo shari'a jiharmu, lokacin wayar hannu ba ta kai ƙauye ba. Bazara ce, irin wadda ko a inuwa ka zauna zufa sai ta jiƙa maka zani. Abba ya fara zama ke nan, bai kai ga rarrafe ba. Hamisu ya bi motar shanu ya tafi kudu.

Da zazzaɓi ya fara. Aka ce haƙori ne. Aka saya masa maganin ruwa a wajen mai kemis, jikin ya ɗan yi sanyi, ya sake ɗaukar zafi. Washegari da rana yana bayan Inna Kulu sai ta ji ya sandare. Ta kwanto shi, idanu sun kakkafe, hannu da ƙafa suna karkarwa, kumfa a baki. Taune-taune ke nan. Matan gida suka taru, wata ta cusa masa cokali a baki, wata ta murje albasa tana shaƙa masa, aka turara hayaƙi. Can ya saki.

Inna Kulu ba ta tsorata ba ko kaɗan, kuma tana da dalilinta. Hamisu ya yi irin wannan yana yaro, ƙannensa ma sun yi, duk sanda zazzaɓi ya yi musu zafi sai su yi, su farfaɗo, gobe ka gan su suna wasa a ƙasa. Ta ce gadon gidan ne. Wata maƙwabciya ta ce a dai duba, lokacin sanƙarau ne, an ce ya shiga wasu ƙauyuka ta wajen Zango. Inna Kulu ta tallafi kan yaron ta lanƙwasa wuyan gaba, ya lanƙwasu. Ta ce, "Kun gani? Mai sanƙarau wuyansa kamar taɓarya yake. Wannan lafiyarsa lau." Kowa ya gamsu, don kowa haka ya san sanƙarau.

Da aka ga yana yawan kuka yana amai, sai aka ce maɗiga ce ta motsa. Aka kwaɓa maganin maɗiga, baƙin nan mai kauri, aka lafta masa a tsakar ka, ya bushe ya zama ɓawo. Daga ranar ba wanda ya ƙara ganin tsakar kan yaron.

Ni ban san ana wannan ba. Gyaɗa ce ta kai ni ƙauyen bayan 'yan kwanaki, don a wurinsu nake saye in ta yi tsada a gari. Na shiga da sallama na tarar da Rakiya tana surfe a tsakar gida. Muka gaisa, na ce ina Abba. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yana ɗakin Inna. Ba ya ɗan jin daɗi, amma da sauƙi."

Da sauƙi. Na kusa wucewa in je in gaida Inna, sai idona ya faɗa kan rigarta. Gaban rigar ya jiƙe sharkaf da nono, har ya bi ya sauka kan zani. Ni na haifi 'ya'ya, na san abin da ke sa nono ya cika ya riƙa zuba haka. Na kama hannunta na ja ta bayan rumbu.

Na ce, "Ke, yaushe rabon yaron nan da nono?"

Na girgiza ta.

Ta ce, "Tun shekaranjiya ba ya kamawa, Yaya. In na sa masa sai ya kau da kai."

Daga nan kamar an fasa tulu. Ta ce kukansa ya canza, wani siririn kuka yake yi mai tsini wanda ba ta taɓa ji ba. Ta ce in an ajiye shi yakan yi shiru, in an ɗauke shi sai ya ƙwalla ƙara kamar an taka shi, alhali da can ɗauka ce ke sa shi shiru. Ta ce ba ya kallonta. Ta ce tun kafin a shafa maganin, tana ba shi nono ta shafa kansa ta ji maɗigar ta taso ta yi tauri, ba ta loɓawa kamar yadda ta saba.

Na ce, "Kin gaya wa Inna?"

Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa. "Yaya, ni zan je in ce mata na duba kansa?"

Wallahi a wannan lokacin na ji kamar in mare ta, na kuma ji kamar in rungume ta. Yarinya tana surfe, cikinta yana ƙonewa, ta san ɗanta yana tafiya, amma tarbiyyar da muka yi mata ta ɗaure mata baki.

Na faɗa ɗakin Inna Kulu ko gaisuwar kirki ban yi ba. Abba yana kwance a kan tabarma, ta zauna a gefensa tana yi masa fifita. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, idonsa a buɗe amma ba abin da yake kallo. Na ce, "Inna, yaron nan asibiti za a kai shi, yanzu."

Ta ce, "Talatu, daga zuwanki? Zauna ki sha ruwa. Na raini 'ya'ya shida, ba yau na fara ganin taune-taune ba. Kuma ubansa ba ya gari, wa zai fitar da shi ba da izininsa ba?"

Na ce ubansa in ya dawo ya same ni, ni na fitar da shi. Ta ce a gidansu ba a haka. Na ce a gidanmu ma ba a zuba wa yaro ido ya mutu. Na san maganar ta yi kauri ga tsohuwa, amma bakina ya riga ni. Muna cikin haka yaron ya sake sandarewa. Wannan karon ya daɗe bai saki ba, gefe ɗaya na jikinsa ne ke fizga, da ya saki kuma bai farka ba, sai wani irin barci mai nauyi. Inna Kulu ta kira shi, "Maigida, maigida," ta ɗaga hannunsa ta saki, ya faɗi yaraf. Ta ɗago ta dube ni, na ga tsoro ya shige ta. Ita da kanta ta jawo mayafinta.

A kan babura muka fita, Inna Kulu da yaron a ɗaya, ni da Rakiya a ɗaya. A ƙaramin asibitin da muka fara tsayawa, ma'aikacin ya duba shi kawai ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu wuce Daura. Muka zauna a tasha cikin rana muna jiran mota ta cika. Direba ya ce ba ya tashi sai ta cika. Na kwance bakin zanina na biya kujerun da suka rage da kuɗin gyaɗa, ina yi masa addu'ar da ba zan maimaita a nan ba.

Ba sai na ambaci sunan asibitin da muka je ba. Layin yankar kati ya kai bakin ƙofa, mai yankan kuma ya tafi salla. Na tsaya ina ta masifa, ba mai saurarena, don kowa da nasa mara lafiyar. Allah ya jeho wata ma'aikaciyar jinya za ta wuce, ta leƙa bayan Inna Kulu, ta ce, "Kwanto shi." Ko kati ba ta tambaya ba, ta karɓe shi ta yi ciki da gudu muna bin ta. Wannan baiwar Allah ban san sunanta ba har yau, amma ba na salla in manta da ita.

Likitan dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Abu na farko da ya ce shi ne a wanke kan. Aka jiƙa auduga aka yi ta goge baƙin maganin nan har ya fita. Sai ga maɗiga ta kumburo, ta yi tsini tana sheƙi kamar an cusa ƙwai a ƙarƙashin fata. Inna Kulu ta ce, "Innalillahi." Ita da ke riƙe da shi dare da rana ba ta sani ba.

Likita ya ce, "Wace ce uwar?"

Na nuna Rakiya. Tana tsaye a jikin bango, kanta a ƙasa. Ya tambaye ta yaushe zazzaɓin ya fara, Inna Kulu ta amsa. Ya tambaya yana shan nono, Inna Kulu ta ce yana ɗan taɓawa, don ita a saninta in ta miƙa shi ana ba shi. Ya sake duban Rakiya, ya dubi tsohuwar, sannan ya ce, "Ɗan fari ne?" Na ce e. Ya ce, "Iya, don Allah ɗan ba mu wuri, ki zauna a bencin nan na waje ki huta." Da ta fita ya jawo wa Rakiya kujera ya ce, "To, 'yata, ba kowa. Gaya mini abin da kika gani." Ta gaya masa duka, tiryan-tiryan, tana yi hawaye na zuba.

Maganar da ya yi mana bayan nan ta zauna mini a kai, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Ya ce gaskiya ne yara da yawa suna yin taune-taune in zazzaɓi ya yi zafi, su tashi garau, kuma yakan bi gida. Amma ya ce, "Yaron da bai kai shekara ba, in ya haɗa zazzaɓi da taune-taune, ba a zama a gani. A kawo shi a ranar." Ya ce jariri ba kamar babba ba ne, sanƙarau yakan kama shi wuyansa yana lanƙwasuwa lafiya lau. Abin da ake dubawa shi ne ƙin nono, da kukan da ya canza, da yaro ya ƙi ɗauka, da barcin da ba ya farkawa sosai, da maɗiga in ta taso. Ya ce a daina cusa cokali ko wani abu a bakin yaro in yana yi, a kwantar da shi a gefensa kawai. Ya dubi Rakiya ya ce, "Duk abin da ake nema ke kin gan shi."

Nan take aka fara yi masa allura. Amma likita ya ce yana so ya ɗebi ruwan bayansa ya gani, don ya tabbatar da ciwon ya kuma san maganin da zai ci gaba da shi. Aka kira Inna Kulu aka gaya mata. Ta miƙe tsaye. Ta ce ba da ita ba. Ta ce ta san yaro a ƙauyensu da aka ɗebi ruwan bayansa, har yau a ƙasa yake ja. Ta ce bayan mutum ba rijiya ba ce. Likita ya yi mata bayani a hankali, cewa ciwon ne ke nakasa yaro, ba ɗiban ruwan ba, kuma ɗigo kaɗan ne. Ta ce a jira ubansa. Ya ce ciwon ba zai jira ubansa ba. Ni na ce a ɗiba, Inna Kulu ta ce ni wace ce a kan jikanta. Gaskiyarta kuma, a al'ada ba ni da wannan hurumin.

Likita ya ce, "Uwarsa tana nan. Ita za ta ce."

Rakiya ba ta taɓa musa wa surukarta ko a kan gishirin miya ba. Ba ta ɗago kai ba, amma kowa ya ji ta.

Ta ce, "A ɗiba."

Inna Kulu ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba, ta fita waje. Ni na riƙe yaron aka lanƙwashe shi, aka soka allurar. Likita ya ce ruwan mai lafiya garau yake kamar na rijiya. Na Abba ya fito fari-fari, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Ya ɗaga kwalbar ya nuna mana, ya ce, "Sanƙarau ne. Ku yi ta addu'a, mu kuma za mu yi iyakar ƙoƙarinmu."

Makon farko ba na son tuna shi. Jijiyoyin hannunsa sun ɓace, aka yi ta nema ana suka, daga ƙarshe aka aske gefen kansa aka sa allurar a nan. Aka zura masa roba ta hanci. Rakiya tana tatsar nono a kofi ana ɗura masa, ƙirjinta ya kumbura har zazzaɓi ya kama ta ita ma. Taune-taunen ya dawo sau da yawa. Gado ɗaya yara biyu, ɗakin kamar tanda, wuta in ta zo fankar ma ba ta juyawa. Magani kuma babu a ciki, sai a rubuta maka ka fita waje ka sayo, wani lokaci ka zagaya shaguna kafin ka samu, allura ɗaya ta wuce lokacinta kana kan hanya. Jarin gyaɗata a nan ya narke, akuyar Rakiya ta bi baya. Yarinyar da ke gado ɗaya da Abba, 'yar wasu mutanen Zango, ta rasu da hantsi muna kallo. Uwarta ta naɗe ta a zani ta goya ta kamar mai barci, ta yi mana sallama ta ce Allah ya ba namu lafiya.

Masu dubiya kuwa, Allah ya saka musu, sun zo da fura da tuwo da sabulu, sun kuma zo da baki. Wannan ya ce ruwan da ake ƙara masa ne ke kumbura kan. Waccan ta ce iska ce, asibiti ba ya maganin iska, akwai wani mai magani a fitar da shi a kai masa. Wani kawun Hamisu ya tsaya a kan gadon ya ce shi bai ga alamar tashi ba, gara a mai da shi gida ya cika a ɗakin kakarsa. Na raka shi har bakin ƙofa na gaya masa in ya sake zuwa ya tsaya a waje. Addu'a dai mun yi, malamin unguwarmu ma ya sa almajiransa suna yi bayan kowace salla, kuma ban taɓa ganin addu'a ta hana allura aiki ba.

Zan faɗi gaskiya a kan Inna Kulu, don kada a ɗauka muguwa ce. Tsohuwar nan ba ta bar gefen gadon ba. Da mafici a hannu take yini, in hannun dama ya gaji ta koma hagu, har kafaɗarta ta riƙe. Abinci sai na yi mata faɗa take ci. Tana son yaron nan kamar ranta. Sai dai tun ranar ɗiban ruwan ba ta ƙara yi wa Rakiya magana ba sai ta dole.

Hamisu ya iso cikin mako na biyu, saƙo ya same shi ta bakin direbobi. Ya shigo da ƙurar hanya a jikinsa, ya tsaya daga bakin ƙofa, don shi ma ɗan farinsa ne, ga uwarsa a zaune. Ya ce, "Ya mai jiki?" kamar wanda ya zo duba ɗan maƙwabci. Da na fita ɗebo ruwa na same shi a bayan darbejiya ya kifa kai a jikin itacen yana kuka. Ya ce, "Yaya, ki gaya mini gaskiya." Na gaya masa. Bai ce don me aka fitar da yaron ba, bai ce don me aka ɗebi ruwa ba. Ya je ya sayar da sa guda, daga ranar ban ƙara zagayen neman bashin magani ba.

A ƙarshen makon nan zazzaɓin ya sauka. Maɗigar ta koma ta kwanta. Wata safiya Rakiya ta ɗauke shi za ta gyara shimfiɗa, sai ya juya kai yana laluben ƙirjinta. Ta zauna a ƙasa a wurin ta ba shi, ya kama. Na fita baranda na yi guɗa, ma'aikata suka ce in rufa musu asiri nan asibiti ne. Ban taɓa jin farin ciki irin na wannan safiyar ba, ko a haihuwar 'ya'yana.

Cikin mako na uku aka sallame mu. Likita ya ce mu gode wa Allah, da an ƙara kwana ɗaya a gida da wani zancen ake yi. Ya ce amma a dawo da shi a duba, musamman kunnensa, don ciwon nan in an makara yakan tafi da ji. Muka ce to. Muna murna, maganar ta bi ta bayan kunnenmu. Suka koma ƙauye, ruwa ya sauka, kowa ya shiga gona, hanya ta lalace. In na aika tambaya sai a ce Abba ya yi ƙiba, har ya fara rarrafe.

Sai da kaka na koma, sayen sabuwar gyaɗa. Muna zaune a tsakar gida muna ɓara, mu da matan gidan, Abba yana zaune a gabanmu ya ba mu baya yana wasa da ɓawo. Akuya ta hau kan danga ta turo wata babbar fanteka, ta faɗo a bayansa daf da shi. Ƙarar sai da ta sa kaji suka watse, ni kaina na zabura. Yaron bai ko motsa ba. Ya ci gaba da wasansa.

Na tafa hannu a bayan kansa. Na kira shi da ƙarfi. Na ɗauki murfin tukunya na buga da ludayi. Sai da inuwata ta faɗo a gabansa ya ɗago ya yi mini dariya.

Na juya na dubi Rakiya. Hannunta bai tsaya da ɓarar gyaɗa ba.

Da muka keɓe na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Tun muna asibiti. In an yar da kwano duk yaran ɗakin sai su firgita, ban da shi."

Na ce, "Rakiya, kunyar ce har yanzu? Bayan duk abin da muka gani?"

Ta girgiza kai. "Ba kunya ba ce, Yaya. Gani nake in na faɗa da bakina, shi ke nan ya tabbata."

Hamisu ya kai shi har Kano aka auna. Suka ce kunnuwan biyu duka sun tafi, kuma ba allura ko magani da zai dawo da su. Suka ce ciwon ne ya ci su tun a kwanakin da ya yi a gida.

Amma a ƙauye ba haka ake faɗa ba. A ƙauye cewa ake ruwan bayansa da aka ɗiba ne ya tafi da jinsa, kuma kowa ya san bakin da ya ce a ɗiba. Inna Kulu ba ta faɗa a gaban Rakiya, sai dai in baƙi sun zo sun tausaya wa yaron, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ni dai na ce a jira." Mata a bakin rijiya suna cewa ga abin da rashin kunya ke jawowa. Abin da ya fi ƙona mini rai, bazarar da ta biyo baya jaririyar wata maƙwabciyarsu ta yi zazzaɓi da taune-taune, aka ce a kai ta Daura, uwar ta ce ba za ta kai 'yarta a kurmantar da ita kamar Abba ba. A gida ta rasu.

Don haka nake roƙonku, ku kakanni, in kun karɓi jika ku riƙa jan uwarsa gefe kuna tambayarta abin da ta gani, don ita ce mai ba shi nono, kuma ba za ta fara faɗa muku ba. Ku bar maɗiga a buɗe ido ya riƙa ganinta. Kada ku dogara da wuya. Ku kuma masu goyon fari, in kunya ta hana ku gaya wa suruka, ku gaya wa wani, ko da maƙwabciya ce, a ranar.

Abba yanzu yana gudu ko'ina, yana bin ubansa wajen shanu, shi da uwarsa suna da maganarsu ta hannu wadda ba mai gane ta sai su. Zuwana na ƙarshe na ji wata mata ta sake jefa maganar nan ta ruwan baya, a gaban Rakiya, a gaban yaron. Na miƙe zan wanke ta tas, Rakiya ta riƙe mini zani. Da matar ta tafi na ce mata, "Ke ba ya damun ki? Ke kika ceci ransa, ke ake zagi."

Tana tsugune tana wanke masa ƙafa. Ta ce, "Yana damuna mana, Yaya. Amma ga shi nan ina wanke masa ƙafa. Su yi ta faɗa, shi dai ba ya jin su."

Ta zubar da ruwan, ta ɗauke shi ta saɓa a kafaɗa duk girmansa, ta shige da shi ɗakinta.